Ƙamshin Furen Lemo a Bunduƙiyya

Bunduƙiyya, watan Zulƙida, shekara ta 1199 bayan Hijira

Zuwa ga Galiya, sanyin idona, inuwar dabino a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka kan zaitun bayan dogon rani, rijiyar da ban taɓa jefa guga na ɗebo ɗaci ba. Gaisuwa mai yawa, da begen da ya fi tekun da ke tsakaninmu faɗi, ya fi shi gishiri.

Ina rubuto miki daga garin Nasaran nan da ba shi da ƙasa, inda gidaje ke tsaye cikin ruwa har gwiwa kamar shanun da aka manta da su a fadama. Hazo ya rufe mu tun safe. Ba a jin kofaton doki, ba a jin kiran salla, sai ruwa yana lasar bango, sai baƙaƙen kwale-kwale suna wucewa ƙarƙashin tagata shiru, kowanne kamar makara. Wayyo Galiya! Wane laifi na yi da aka dasa ni inda rana ke fitowa kamar mai jinya?

Kin san aikin da mijinki, jakadan Tarabulus, ke yi a nan? Yau na rubuta godiya ga wani dattijon majalisarsu kan akwatin alewa da ban ko buɗe ba. Na rubuta ƙorafi kan jirgin gishirin da suka tsare. Na rubuta wa fada cewa madubai sun samu, amma agogon da ke kukan tsuntsu sai an ƙara haƙuri. Ƙarshen nahawu da balaga ke nan, waɗanda na ƙone ƙuruciyata a kansu a Azhar! Dillalin madubi mai rawani. Kowace wasiƙa ina buɗe ta da yabon mutumin da na raina, in rufe ta da addu'ar da ba ta kai maƙogwarona ba. Wannan kaɗai nake rubutawa da hannun gaskiya.

Kin tuna rufin gidanmu lokacin da lemo ke fure? Ke da tukunyarki ta tagulla, kin naɗe hannun riga, wuta na ci a hankali, ruwan fure na ɗiga cikin kwalba kamar hawayen mai farin ciki. Ranar nan na hau na roƙe ki kwalba guda domin matar wani abokina, kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Kwalba guda, Malam? Ka ba ta nahawunka ta shafa." Na yi dariya har rawanina ya kwance. Mace mai kyauta irinki, wadda ke raba naman layya har ta bar mu da ƙashi, amma kan ruwan nan ko mahaifiyarki sai ta yi rantsuwa za ta dawo da kwalbar.

To, ki saurare ni, hasken raina, don abin da ya hana ni cin abinci ke nan.

Wasiƙunku suna isowa kamar kullum. A tsibirin killace ake tare su saboda tsoron annoba, a kama su da awartaki, a tsattsaga su da wuƙa, a turara su da farar wuta, sannan a miƙo mini su suna wari kamar an tono su. Ban taɓa damuwa ba, domin ko ta cikin hayaƙin ina jin muryarki. Ɗan'uwanki Miftahu ya saba rubuta abin da kika faɗa yadda kika faɗe shi. "Gaya wa tsohon nan ya riƙa rufe ƙirjinsa, ba ni da lokacin takaba." Haka kike gaishe ni, kuma da wannan nake rayuwa. Amma tun bayan azumi, hannun na Miftahu ne, bakin ba naki ba ne. "Uwargidanka tana miƙa gaisuwa cikin ladabi da biyayya." Ladabi? Ke? Yaushe? Wace mata ce wannan da ke zaune a gidana tana yi mini biyayya?

Makon jiya jirgin Dahmani, matuƙin nan ɗan garinmu, ya shigo. Ba a barin baƙon teku ya sauka sai ya gama zaman killace, don haka na je tsibirin muka yi magana ta tsakanin shingen ƙarfe. Na ce, "Dahmani, yaya gida?" Ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Kowa lafiya. Sai ma in ce kai ne ka rame, ko kifin Nasara bai karɓe ka ba?" Ya yi dariya, amma idonsa na kan takalmina. Mutumin da ke kallon guguwa ido cikin ido! Sannan ya ce Miftahu ya aiko mini da akwati, ruwan furen lemo ne, kwalaben gaba ɗaya, har da tsofaffin da ke bayan tulun mai.

Gaba ɗaya, Galiya.

Na girma a fada, na san ƙa'ida. Ba a gaya wa jakada mutuwar gidansa sai ya sauke aiki ya sumbaci hannun sarki, don kada baƙin ciki ya sa shi sakin ciniki ya hau jirgi. Za a ci gaba da aiko masa gaisuwar matarsa wata bayan wata, shi kuma ya ci gaba da amsawa, har madubai su isa lafiya. Matuƙan jirgi suna raɗa cewa a birninmu annoba ta sa an toshe ƙofofin gidaje, masu ɗaukar makara sun gaji har suna haɗa biyu. Ni kuwa ana ce mini kowa lafiya.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Akwatin nan har yau yana tsibiri, ba su sake shi ba, ko igiyarsa ba a kwance ba. Amma tun ranar da na dawo, ɗakin nan ƙamshin furen lemo yake. Ba ko'ina ba. Yana tsayawa bakin ƙofa da hantsi, kamar mai jiran izini. Da azahar ya zo kusa da tabarmar sallata. Na tambayi tsohuwar da ke share mini ɗaki, ta shaƙa, ta ce ita danshi kawai take ji, amma daga ranar ba ta ƙara yarda ta shigo ita kaɗai ba. Maduban fada da ke jingine a bango na lulluɓe su duka da mayafi, domin na ga ɗaya ya yi gumi daidai tsayin bakinki, kamar an huce a kansa.

Ina roƙonki, ya kurciyar gidana, ya tauraruwar da matafiyi ke gyara hanya da ita: ki zage ni. Layi ɗaya ya isa. Ki sa Miftahu ya rubuta cewa ni tsoho ne mai tsoron inuwarsa, hancina ya lalace, hazo ya shiga kaina. Ki ce a dawo miki da kwalabenki ko ki ci mutuncin kowa. Wallahi in na ga haka zan yanka rago a garin da ba a san layya ba. In kuma wata gaisuwar ladabi ta sake zuwa, zan ajiye hatimin fada a kan teburin nan in hau jirgin Dahmani, su yi da ni abin da suka ga dama.

Ban taɓa kallon wata mace ba, kuma ba zan kalla ba, ko kina saman ƙasa ko kina ƙarƙashinta. In kina raye, takardar nan za ta same ki bayan ta sha hayaƙi da gishirin teku. In kuwa ba haka ba, babu amfanin in naɗe ta. La'asar ce yanzu, hazo ya yaye, taga na bayana, ni kaɗai ne a ɗakin, ga inuwar kai biyu a kan takarda. Ba zan waiwaya ba. Ba ki iya karatu ba, na sani, don haka zauna, zan karanta miki da kaina tun daga farko.

Naki, a nan da can,
Sha'aban ɗan Sasi