Na Koya wa Kwamfuta Kunyar Suruki

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, na ɗebo ruwan dafa kaina. Ba ni da wanda zan kai wa kuka a gida, domin wanda maganar ta shafa uban matata ne.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja, ɗaki biyu ne a saman shagon sayar da kujeru. Mai kamfanin surukina ne. Ko a ofis Baba nake ce masa, kuma har yau in ya shigo sai na rasa inda zan sa hannuwana. Ki yi haƙuri in ɗan yi miki bayanin aikin, in ba haka ba ba za ki gane girman wautata ba. Manhaja gunduwa-gunduwa muke rubuta ta, sai daga baya a harhaɗa. Ni ke kula da rubutun umarnin da ke wannan harhaɗawa. Da an kunna shi sai ya bi kwamfutar mutum yana duba ko kayan haɗin sun cika, yana yi yana ba da labari a allo. Labarin yau da kullum farin rubutu ne. Gargaɗi rawaya ne, wato a lura amma aiki na ci gaba. In kuwa babban abu ya ɓace, sai ya yi ja ya tsaya cak. Haka na gina shi tun farko, kuma lafiya muke zaune.

Wata safiya Baba ya kunna shi a kwamfutarsa, sai allo ya yi ja: "KUSKURE. AN TSAYA." Iyakar abin da ya ce ke nan. Baba ya zare tabarau, ya waiwayo ya tambayi ɗakin wa ya koya wa na'ura yi wa manya tsawa. Kowa ya yi dariya. Yanzu da nake tunani, wataƙila shi ma wasa yake yi. Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin a tashi aiki na mayar da jan nan rawaya. Da rawaya ta cika allo Baba ya ce tana sa masa ciwon ido, sai na mayar da ita fari. Daga nan kuma abin ya shige mini jiki. Na sa masa gaisuwa a farko, na cusa "don Allah" da "ba komai" a tsakiya, a ƙarshe kuma koren layi mai cewa "An kammala lafiya lau." Kullum, Gwaggo, ko me ya faru. Wani abokin aikina ya goge rabin kayan haɗin da gangan don ya gwada, rubutun nan ya taya shi murna. Tun ranar suke kirana Lafiya Lau, ni kuma ina amsawa.

Matata ta ce ba laifin na'ura ba ne, gado ta yi. Ta tuna mini ranar da ta kira ni daga gidan yayarta tana tambayar famfon kicin, na ce yana ɗan ɗiga, alhali ina tsaye cikin ruwa har idon sawu da bokiti a kowane hannu. Ta tuna mini haƙorin da na yi ta cewa yana ɗan motsi har kuncina ya kumbura, yaranmu suka ƙi zama kusa da ni. Ban musa ba. Ni mutum ne da mummunan labari ke narkewa a bakinsa kafin ya fito.

To ga inda na shiga uku. Mun yi wa wani asibiti manhajar da za ta riƙa tura wa marasa lafiya saƙon waya, tana tuna musu ranar karɓar magani. Mako mai zuwa Baba zai nuna wa shugabannin asibitin. Ya ce da tsohuwar kwamfutarsa zai je, wadda ba ya bari ko ƙura wani ya share mata, kuma da hannunsa zai harhaɗa, don yana wannan sana'a tun ban iya ɗaura igiyar takalmi ba. Ɓangaren da ke tura saƙo a kwamfutar tasa tsohon yayi ne, ba ya tafiya da sabon aikinmu. Rubutuna ya gano haka sarai. Da Baba ya gwada harhaɗawa, ina tsaye a bayansa na ga layin ya wuce sim-sim, fari, a tsakiyar ɗaruruwan 'yan'uwansa: "Da alama wani abu bai samu ba, amma ba komai." Ya tsallake tura saƙon gaba ɗaya, ya gangara ƙasa ya yi kore. Baba ya juyo ya yaba mini, wai tun da na gyara shi abin ya yi hankali. Ni kuma, ɗan albarka, na ce na gode.

Manhajar tana buɗewa tsaf, gwanin sha'awa, saƙo ne kawai ba ta turawa. Baba kuwa ya shirya cewa a gaban taro zai karɓi lambar babbar likita, ya danna, kowa ya ji wayarta ta yi ƙara. Gwaggo, wayar nan ba za ta yi ƙara ba.

In na maido da ja, na'ura ta sake yi masa tsawa, kuma ya gane watanni ina shafa masa mai a baki. Na yi tunanin in lallaɓa in gyara kwamfutar a ɓoye, ban san kalmar sirrinsa ba. Har na yi tunanin in kwanta ciwo ranar, sai na tuna ba wanda zai yarda, tunda ban taɓa amsa cewa ba ni da lafiya ba. Abinci ya daina shiga. Jiya matata ta tsare ni da ido ta tambayi me ke damuna, kin san amsar da na ba ta. Tsoro nake ji, wallahi, kada dattijon da ya ba ni 'yarsa ya kuma ba ni aiki ya tozarta a gaban baƙi saboda ni. Ya zan yi?

Ban da wannan dai, komai lafiya lau.

Naki,
Lafiya Lau

*

Ɗana Lafiya Lau,

Na yi dariya har na share hawaye, amma da na zo kan marasa lafiyan nan sai dariyar ta tsaya.

Bari in fara ba Baba gaskiyarsa. Jan rubutun da ya ce "kuskure" ya yi shiru bai kyauta ba. Kamar makaniki ne ya leƙa injin ya ce mota ta lalace, ya juya ya tafi. Dole mutum ya ji haushi. Kai ma kunyarka ba aibu ba ce, mutane da yawa sun rasa ta. Inda ka kauce shi ne, an yi ƙorafi kan lafazi, kai kuma ka cire gaskiyar ka bar lafazin. Girmama dattijo ba ya nufin a bar shi tsaye gaban likitoci yana jiran wayar da ba za ta yi ƙara ba. Kuma wannan ma mai sauƙi ne. Ka yi tunanin aikin ya wuce a haka, wata tsohuwa na gida tana jiran saƙon ranar maganinta.

Kada ka bari na'ura ta riga ka faɗa. Gobe da safe ka same shi shi kaɗai, ba a gaban ma'aikata ba. Ka gaisa, sannan maganarka ta farko ta zama cewa saƙo ba zai tafi daga kwamfutarsa ba. Kada ka sa "ɗan", kada ka sa "da alama". Ka faɗi abin da ya tsufa da yadda za a sabunta shi, ka ce kai ne ka rufe wa rubutun baki. Zai iya ɗaure fuska, ka jure. Mutumin da ya daɗe a sana'a ya san darajar wanda ya tare shi kafin ya fita. Batun taɓa kwamfutarsa a ɓoye kuwa, ka binne shi.

Sannan ka koma kan rubutun. Abin da zai lalata aiki ya tsayar da aiki, da ja, amma ya yi magana irin ta mai hankali: ga abin da na nema, ga wanda na samu, ga yadda za a gyara. Ladabin da na'ura ke iya yi ke nan. Rawaya ka rage ta, don in ta fito a kula. Surutun farin rubutun ma ka taƙaita, ba kowane motsi ake shela ba. Koren layin nan kuma kada ya sake fitowa sai ya cancanta.

Matarka ka gaya mata yau, amma kada ka aike ta wurin mahaifinta. Wannan tafiyar taka ce.

Abu na ƙarshe. Koma ka karanta wasiƙarka. Ka ce ba ka cin abinci, ka ce tsoro kake ji, sannan ka rufe da cewa komai lafiya lau. Ashe ni ma koren layin ka turo mini. Daga shi za ka fara gogewa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa wayar likita ta yi ƙara.

Gwaggonku