Hoton da Na Zagaya da Shi Ranar Suna

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya karatu, yaya baƙunta a Ingila? Mu nan Azare lafiya lau, haka maijego da ɗanka. An raɗa masa suna Muhammadu. Rabona da farin ciki irin wannan har na manta.

Amma hotonka ya hana ni sukuni. Na gan ka cikin ɗalibai riƙe da kwali, na zaci bikin gama karatu ne, na yi ta nuna wa jama'a. Ka san karatunmu na yaƙi da jahilci bai kai ga Turanci ba. Sai maƙwabcinmu Emeka mai kayan babur ya karanta, ya ce, "Alhaji, wannan zanga-zanga ce. So suke jami'a ta janye jarinta daga kamfanonin da ke taimakon masu danne Falasɗinawa. Ana iya korarsa fa."

Habibu, ba zan hana ka gaskiya ba, mu ma alƙunutu muke yi wa Falasɗinawan. Amma in aka kore ka, shekara uku ta tafi. Rubuto mini abin da zai iya samunka, kafin maganar ta kai kunnen mahaifiyarka.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da abokanka.

Mahaifinka,
Alhaji Garba