Jar Fitilar Rediyon Mika'ilu

Kpakungu, Minna
5 ga Nuwamba, 1990

Yaya Sanda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da Anti Lailatu da yara.

Maganar rediyon Mika'ilu ce, babban nan mai kaset da lasifika biyu. Ranar da za a tafi da rundunarsu ta soja Laberiya shi ya kunna shi da hannunsa, ya ce wa Inna kada a riƙa kashewa, wai Gabriel mai gyara ya ce yawan kunnawa da kashewa ke lalata shi. Yana ɗaure takalmi ya faɗa, yana dariya. To Inna ta riƙe maganar. Tun damina jar fitilarsa ke ci. In an ɗauke wuta sai ta zauna gabansa da carbi har sai an dawo da ita.

Yanzu bayansa ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa, ɗakin kuma sai warin ƙonanniyar roba. A nan take kwana, katifarta manne da teburin. Na kai hannu zan zare wayar, ta riƙe ni ta ce, "Murja, ɗana ya kunna, ke ce za ki kashe?" Na kasa. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarka,
Murja

Kaduna
14 ga Nuwamba, 1990

Zuwa ga Murja,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki gaida Inna da kyau.

Na tambayi wani injiniya a nan. Ya ce maganar Gabriel ta tsofaffin rediyo ce masu kwalabe a ciki. Irin na Mika'ilu zafi ne ke lalata shi, da wutar da ke dawowa da ƙarfi. Saboda haka ki zare shi yau. Ran ɗan'uwanmu a hannun Allah yake, ba a jikin wata fitila ba. Shirun da ya yi ma ba labari ba ne: inda ake yaƙi gidan waya ba ya aiki. In Inna ta yi kuka, ki ce ni na sa ki. Mutum ba ya barin tsoro ya yi masa tunani.

Ki huta lafiya.
Sanda

Kpakungu
23 ga Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso a makare. Ranar Talata na dawo daga makaranta na tarar hayaƙi na fita ta taga. Maƙwabcinmu Ndanusa ne ya cire fiyus, ya fito da Inna. Labule ya ƙone, da gefen katifa. Ba ta ji ciwo ba. Fitilar dai ta mutu.

Washegari wani direban motar Legas ya kawo mana kaset a cikin ambulan. Ya ce soja ne ya ba shi a tasha, bai san sunansa ba. An rubuta "Gidan su Kofur Mika'ilu, Kpakungu." Yaya, ba rubutun Mika'ilu ba ne.

Ndanusa ya ɗauko nasa rediyon, Inna ta ƙi. Ta ce a na ɗanta kaɗai za a saka. Ta ƙulle kaset ɗin a bakin zanenta, ko salla da shi take yi. Gabriel ya duba, ya ce taransfomar ciki ce ta ƙone, kuma babu irinta a Minna. Lambarta na bayan takardar nan. Don girman Allah ka aiko da ita ta hannun direba. Ba mu san muryar wa ke ciki ba.

A gaida mutanen gida.
Murja

Kaduna
2 ga Disamba

Murja,

Wa alaikumus salam. Na sayi taransfomar tun ranar da wasiƙarki ta zo. Tana cikin jakata. Na kai ta tasha na dawo da ita, na sake kaiwa na sake dawowa. Kada ki gaya wa Inna. Ki ce mata ana nema.

Allah ya tsare mu.
Yayanki