Tsuntsuwar Malam Abdulwahidu

Juma'a, 10 ga Satumba, 2021
Daga yau an buɗe hanyar jihar Selangor ga masu allurar rigakafin korona biyu. Malam Abdulwahidu, maƙwabcina a Cheras, kwanansa tara a asibiti, kan oksijin. Matarsa, Anti Aishatu, ta ajiye mini madubinsa na hangen nesa a bakin ƙofa. Shekara biyar yana zuwa bakin teku a Jeram saboda tsuntsuwa ɗaya mai lanƙwasasshen baki, wadda masu bincike suka ɗaura wa 'yar tutar roba a ƙafa: A47. Saƙonsa: "Ɗan jarida, je ka gano mini ko ta dawo. In ta dawo, ni ma zan dawo." Ban so wannan sharaɗin ba.

Asabar, 11 ga Satumba
Laka, iya ganin ido. Da teku ta fara cikowa sai tsuntsaye suka tashi, dubbai, lokaci guda. Su juya su zama fari fat, su sake juyawa su ɓace. Na fara ƙirge, na bari. Daga can ƙuryar arewacin duniya suka taso, wasu ba su cika tafin hannuna ba. Ni kuwa wata goma sha takwas na kasa zuwa gida Nguru. Subhanallah.
Ban ga tuta ba.

Lahadi, 12 ga Satumba
Babu tuta. An ƙara wa Malam oksijin.

Asabar, 18 ga Satumba
Sha ɗaya saura kwata na safe. Farar tuta, ƙafar hagu. A, sannan 4. Lambar ƙarshen laka ta rufe ta. Minti ashirin ina jira ruwa ya wanke, na manta da zafin rana, har ta tashi.
Shekara goma sha ɗaya a ɗakin labarai, ban taɓa sakin labari ba sai da majiya biyu.
Na kira asibiti, nas ta riƙe wa Malam waya. Na soma da faɗin lokaci da wurin da na gan ta. Ya katse ni, da ƙyar, da "lah" ɗin nan da mutanen ƙasar ke rufe zance da shi: "Bar rahoton nan lah. Ita ce?"
Na ce, "Ita ce, Malam."
Anti ta ce da yamma ya nemi shayi.

Lahadi, 19 ga Satumba
Na koma Jeram, ba wanda ya aike ni. Ban ma ɗauki biro ba.
Na tura wa masu binciken hoton da na ɗauka jiya. Sun ce lambar tana iya zama 7, tana iya zama 1. Za su duba rajistarsu ranar Talata.