Gaisuwa Bisa Babur

Laraba, bayan Isha'i, Gusau

Bayana ciwo yake. Saƙo tara na kai yau, ɗaya daga ciki maganin wani dattijo a Bungudu. Ina bisa babur na miƙa masa ledar, ko inji ban kashe ba, don Hajiya mai atamfa tana ta kira in kai mata kaya Tsafe.

Bai karɓa ba. Ya ce, "A gidanku haka ake gaida manya?"

Na sauka na durƙusa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi damina, ya sa aka kawo ruwa. Kafin in tashi, Hajiya ta samu wani mai babur.

Har yanzu haushi nake ji. Amma cikin mutum tara, shi kaɗai ya tambayi sunana.