Takardar da na goge

Yaya Mode,

Jiya na ji mai gyaran kwamfuta shina ce ma ogana, "Abin da anka goge bai tafi ko'ina ba, in na so sai in maido shi." Tun sannan hankalina bai kwanta ba.

Takardar koken malamai da na buga maka, mai sunayenku duka, na goge ta ranar da ka karɓa. Na zaci shi ke nan. Yau jami'an tsaro za su zo duba injinan ofishinmu, ni kuma ban san wata dabara ba. Ka yi haƙuri.

Faifan da na kwafe ta a kai shina ƙarƙashin tabarmarka. Ka jefa shi murhu kafin ka fita.

Yaya, in sunka tambaye ni wanda ya kawo ta, mi zan ce?

Sakinatu