Safiya Ta Iya Karatu, Kekena Ya Daina Sauri

Zuwa ga Shugabar Makarantarmu ta Firamare, Jekadafari.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaisuwa da fatan malamai suna lafiya. Ni ne mai keke napep ɗin nan, baban Safiya 'yar aji biyu. Na zo da kuka a kan aikin gida da Malama Rifkatu ta ba su farkon zangon nan, wai kowane yaro ya riƙa karanta allunan da ya gani a hanya.

1. A Tumfure muke zaune, kuma a gefena Safiya take zama safe da rana, fasinja a baya. Ba ta karatu da gudu. Sai ta haɗa baƙi da baƙi da yatsa a iska, kuma in ban taka birki ba sai kuka. Allon wani mai gyaran haƙori ya cinye mana rabin safiya.

2. Fasinjojina sun lalace. Maimakon su yi mini faɗa, taya ta suke yi. Ranar Talata wata dattijuwa mai kwandon ƙwai ta ƙi sauka a Tudun Wada har sai yarinyar ta gama da allon mai ɗinki, sannan ta yi guɗa a kunnena.

3. Yanzu ta gano rubutun bayan tirela. Shi kuma ba ya tsayawa. Jiya na bi wata har muka wuce gida, da fasinja uku suna cewa in ƙara wuta saura kalma ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, raina fes yake. Ni ban yi boko ba, wannan takardar ma rubuta mini aka yi, kuma duk sanda ta kai ƙarshen kalma sai in ji ƙwalla. Amma ainihin mai keken, wanda nake yi wa aiki, ya ce in na sake yin sawu huɗu kacal a yini zai karɓe makullinsa.

Don haka ina roƙo a mayar da karatun cikin littafi, a gida, kan tabarma. In kuwa aka karɓe keken, Safiya a ƙasa za ta riƙa zuwa daga Tumfure, tana tsayawa gaban kowane allo. Sai ku tanadi wanda zai jira ta bayan an tashi.

Allah ya ƙara wa malamai haƙuri da lafiya, ya saka muku da alheri.

Wassalam.

Baban Safiya, Tumfure.